Babbar kwamfaresa a kan injin Starlet: amsa ga mai tambaya daga Maraɗi

Wani matashi daga unguwar Zariya da ke Maraɗi ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, ina da Starlet ƙirar 1997, inji 1.3. Da ita nake zirga-zirga cikin gari, wani lokaci in je Damagaram. A wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota na ga kwamfaresa guda biyu da aka ciro daga Marsandi, ƙarama an ce mini M45 ce, babbar kuma M62. Mai kayan ya ce in ɗauki babbar don ta fi ba da ƙarfi, ga shi kuɗinsu ba su da nisa da juna. Za ta hau motata? Kuma ƙarfi nawa zan samu?"

Ƙanena, na gode da ka tambaya tun kuɗinka suna aljihunka. Yawanci sai an kawo mini mota a ɗaure da igiya sannan ake neman shawara.

Hawa kam za ta hau. Duk abin da mai walda da mai tur, wato mai injin fere ƙarfe, suka sa wa hannu a garin nan zai zauna a jikin inji. Amma girman kwamfaresa ba shi ke ba mota ƙarfi ba, kuma a kan injinka, da zafinmu, da irin man da muke zubawa, babbar ita ce ta fi kusa da kashe maka mota. Bari in nuna maka dalili da lissafin da kai ma za ka iya yi a bayan kwalin buji.

Wannan na'ura da ake kira sufacaja, mu nan mun fi saninta da kwamfaresa saboda rubutun Kompressor da ke bayan Marsandi. Zugazugi ce, ba wani abu ba. Je ka zauna wajen maƙeri ka ga yadda yaronsa ke zuga wuta: gawayin nan dai shi ne, amma da iska ta ƙaru sai wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Ba misali kawai nake ba ka ba, asalinta ke nan. Wasu ƴan'uwa biyu Amurkawa masu suna Roots, a jihar Indiyana, suka yi rajistar wannan ƙira a 1860, kuma aikin da ta fara yi shi ne zuga wutar narka ƙarfe. Daga baya masu mota suka ɗauka, har Mercedes ta nuna motocinta na farko masu ita a 1921. Waɗanda ka gani ɗin nan kamfanin Eaton ne ya ƙera su a kan wannan tsohuwar ƙira: ƙarafa biyu murɗaɗɗu suna juyawa cikin kwanso ɗaya, suna ɗebo iska daga waje suna cusa wa inji. Bel ne ke juya su daga pulin inji. Nan ta bambanta da turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa.

To ga lissafin. Injinka 4E-FE ne, girmansa cc 1331. Inji irin wannan sai ya juya sau biyu kafin kowane silinda ya shaƙi iska sau ɗaya, don haka a kowane juyi guda abin da yake sha da kansa bai wuce cc 665 ba. M45 tana tura kusan kashi uku cikin huɗu na lita a juyi ɗaya nata, M62 kuma kusan lita guda cif. Idan pulin kwamfaresa da na inji girmansu ɗaya ne, wato suna juyawa kai da kai, M62 za ta tura cc 1000 inda inji ke neman 665. Ninki ɗaya da rabi ke nan, a takarda matsin kusan rabin bar, shi bar ma'aunin matsin iska ne. Idan kuwa pulin kwamfaresar ya fi ƙanƙanta har tana juyi ɗaya da rabi a kowane juyin inji, ta tura cc 1500, ka haura bar guda. In ta kai juyi biyu, ka nufi bar biyu, inda injin da aka gina musamman don tsere ma sai an yi masa shiri. Yanzu ɗauki ƙaramar: ka juya M45 sau 1.35 a kowane juyin inji, za ta ba ka cc 1000 ɗin nan dai, daidai da abin da babbar ta bayar.

Ka ga ke nan puli ne ke yanke hukunci. Ƙarama da babba duk za su iya ba ka iskar da injinka zai iya ɗauka, kuma ƙaramar ma ba ta kusa gajiya ba a wannan aikin. Ita M45 ɗin ce kamfani ya ɗora wa Mini Cooper S daga 2002 zuwa 2006, inji 1.6, tana ba da ƙarfin doki 163 a farkon fitowarta. Abin da ya ciyar da 1.6 har ya kai nan, ba 1.3 mai doki 75 zai gagare shi ba.

Akwai kuma abin da mai kayan bai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ƙarafan nan biyu ba sa taɓa juna, ba sa taɓa kwanson. Akwai ɗan tsaga tsakaninsu, siriri kamar gashi, kuma ta nan iskar da aka matsa take sulalewa ta koma baya. Yoyon nan bai damu da saurin juyi ba, yana nan yana zuba. In na'urar na gudu da sauri, abin da ta tura ya rinjayi abin da ya zube. In tana tafiya a hankali, kamar ɗiban ruwa ne da guga mai huda kana jan igiya sannu-sannu: kafin ya iso bakin rijiya rabi ya tafi. Babbar kwamfaresa a kan ƙaramin inji dole ka rage mata gudu don kada matsi ya yi yawa, sai ta zauna a inda ta fi yoyo. Sakamakon shi ne a cikin gari, tsakanin babbar kasuwa da tasha, inda injinka ke juyi 1500 zuwa 2500, ba za ka ji wani abin kirki ba sai nauyin da ta ƙara wa bel. Iskar da ta sulale ta dawo kuma mai zafi ce, a sake matsa ta, ta ƙara zafi.

Ba na cewa babba ba ta da ranarta. Masu Mini a Turai da Amurka sukan rage pulin M45 da kashi 15 cikin ɗari don ta ƙara gudu. In suka wuce wani mizani, sai su tarar zafi kawai take ƙarawa, iska ba ta ƙaruwa yadda ya kamata. A nan ne mutum ke da hujjar neman babba, don ta ba da iska mai yawa ba tare da an wahalar da ita ba. Amma wannan matsalar mai injin da aka gina don matsi ce, wanda ya riga ya cinye ƙarfin ƙaramar. Kai ko farawa ba ka yi ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, wato zafi. A nan zan daɗe, don a nan injuna ke mutuwa.

Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi. Taɓa bututun famfon keke bayan ka hura taya, za ka ji. Irin wannan kwamfaresa kuwa ba ta da tattali, wani kaso mai yawa na ƙarfin da take karɓa daga bel zafi yake zama. Ka ɗauka rana ce ta watan Afrilu, bayan azahar, iskar da ke shiga filta tana da digiri 45, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙarƙashin murfin inji a Maraɗi. Ka matsa ta zuwa rabin bar da wannan na'ura, za ta fito wajen digiri 110. Ta fi tafasasshen ruwa zafi. Bature mai irin motarka, da ya yi wannan aiki a garinsu iska tana digiri 15, tasa za ta fito wajen 75. Aiki ɗaya, kaya ɗaya, amma kai ka fara da bashin digiri talatin da wani abu. In ka kai bar guda, lissafin ya haura 160. Shi ya sa nake gaya wa yaran garejina, duk abin da suka gani a bidiyo an yi a ƙasar sanyi, su tambayi kansu a wane wata aka yi shi, da wane mai.

Me zafin ke yi? A cikin silinda, ana so buji ya kunna wuta, ita kuma ta ci man a jere, daga tsakiya zuwa gefe, tana tura fistan ƙasa. In iskar ta shigo da zafi, ga matsi ya yi yawa, sauran man da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso. Sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewa ita ke ba da ƙarar da muke ce wa kiliketi, kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara ana kaɗawa. A injin da ba shi da kwamfaresa, za ka iya jin ta a hawa, ka sassauta ƙafa, ba abin da ya faru. A ƙarƙashin matsi, da kukan kwamfaresa a kunnenka da gilashi a buɗe, sau da yawa ba ka jin komai, kuma daƙiƙa kaɗan sun isa.

Na san wannan da hannuna. Shekarun baya wani ɗan kasuwa, yaro mai hankali da nake ganin girman mahaifinsa, ya kawo mini ƙaramar mota da kwamfaresar da ya sayo, na yarda na ɗora masa. A watan Disamba muka gama, hunturu na kaɗawa, da safe sai da rigar sanyi. Muka gwada ta zuwa Tibiri muka dawo, motar tana tashi kamar an tsikare ta, ban ji ƙara ko ɗaya ba. Da kunne na daidaita ta, ba ni da abin auna mai, ba ni da abin auna zafin iska. Ya yi wata huɗu yana jin daɗinta. Ranar da abin ya faru, cikin bazara ne, su biyar a mota da kaya a but, sun wuce Agye sun nufi Tasawa. Ya fito zai wuce wata babbar mota, ya taka har ƙasa ya riƙe. Ya ce mini bai ji komai ba sai motar ta yi sanyi a ƙafarsa, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayansu. Da aka jawo ta na kwance buji na uku, farin kansa ya yi ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar an yayyafa masa garin azurfa. Naman fistan ne ya narke ya manne. Da muka ɗaga kulas, wato kan injin da ya rufe silinda, gefen fistan ɗin ya ɓantare tsakanin segiman na farko da na biyu, wato zobban da ke jikinsa, gutsuren ya kwarzane bangon silinda tun daga sama har ƙasa, sai ka sa farce ka ji rami. Allah ya kiyaye ba motar da ke tahowa a gabansu lokacin da ƙarfin ya yanke. Laifin nawa ne, don na auna aikin da sanyin Disamba na sallame shi ya shiga Afrilu. Fistan ɗin yana nan a kan kanta a gareji, duk wanda ya zo da irin maganarka shi nake fara miƙa masa.

Kamfanonin da ke ƙera motocin nan sun san wannan, shi ya sa ba sa ɗora matsi a kan inji yadda yake. Dubi gidan Toyota ɗin kansa. Injinka yana matse iska kashi 9.6 zuwa 1. Ɗan'uwansa 4E-FTE, wanda aka sa wa turbo a Starlet GT da Glanza, girmansu ɗaya, amma an sauke nasa zuwa 8.2, aka ba shi fistan dabam, injekta manya masu fesa mai, kwamfuta dabam, da na'urar sanyaya iska a saman inji, sannan ya ba da doki 130 da ɗoriya. Haka Mini: ta talaka tana da 10.6, mai kwamfaresa aka sauke ta zuwa 8.3, aka huda murfin inji don iska ta bugi abin sanyayawar, aka canza akwatin giya zuwa mai shida. Mutanen da ke da ɗakin gwaji da injiniyoyi ɗaruruwa ba su ga za su iya tsallake wannan ba. Mu da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano ba mu fi su dabara ba.

Za ka ji wani ya ce a haɗa juwan kulas biyu, wato gasket ɗin da ke tsakanin kulas da jikin inji, don a sauke wannan lamba ta 9.6. Kada ka yarda. Yana rage lambar, gaskiya ne, amma yana ɓata siffar ɗakin wuta yadda man ba ya gauraya da kyau a gefe, kuma ka ƙirƙiro wuri mai rauni daidai inda wuta ta fi ƙarfi. Hanyar gaskiya ita ce fistan da aka yi don wannan aiki.

Sai maganar mai, ta fuska biyu. Ta farko ingancinsa. Abin da ke hana mai fashewa da kansa shi ne lambar da ake kira oktan. A gidajen man Turai an rubuta 95 da 98 a jikin famfo, mai mota ya zaɓa, kuma masu ƙara wa inji matsi babbar suke sha. Mu kuwa yau ka sha a gidan mai, na matatar SORAZ da ke Damagaram wadda ta fara aiki a 2011, gobe mai ya yanke maka a hanya ka tsaya wajen ƴan ruwa-ruwa ka sayi kwalba biyu. Kwalba ba ta da lamba. Ta yini a rana, mai sauƙin cikinta ya tashi, wani lokaci ma an taɓa ta da kananzir. Starlet yadda kamfani ya yi ta tana haƙuri da wannan duka, shi ya sa ta zama motar taksi a ƙasar nan. Ranar da ka ɗora mata matsi, ka ƙwace mata wannan haƙurin. Kwalba ɗaya marar kyau tsakanin Gazawa da Takeita ta isa.

Ta biyu yawansa. In iska ta ƙaru da rabi, mai ma dole ya ƙaru da rabi, har da ɗori. A tafiyar yau da kullum inji na son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, amma a ƙarƙashin matsi ana saukowa wajen 12 ko ƙasa kaɗan, don ragowar man yana sanyaya ɗakin wuta. Matsalar ita ce kwamfutar motarka ba ta san da zancen ba. Tana gane yawan iska ne ta wata ƴar na'ura da ke auna matsin cikin bututun shiga, kuma an yi ta ne don injin da ke zuƙa da kansa, iyakar saninta matsin iskar duniya. Duk abin da ya haura nan, a wajenta babu shi. Sai ta ci gaba da ba da man doki 75 alhali iskar doki ɗari ke shiga. Wuta mai ƙarancin mai ta fi zafi, irin ta mai walda ce in ya ƙara iskar gas, ita ke huda fistan. Gyaran wannan yana nufin injekta manya, famfon mai da zai iya, da kwamfutar da ake iya shiryawa wadda ta san matsi, tana ƙara mai tana kuma ja da lokacin wuta baya gwargwadon yadda matsin ke hawa. In taka mai dalko ce, wato mai rarraba wa buji wuta, wani zai ce a juya dalkon kawai a ja wutar baya. Hakan yana ja da ita baya ne a ko'ina, har a inda ba a buƙata, sai mota ta yi nauyi a gari, ta riƙa zafi, ta riƙa shan mai. Kuma ko an samu kayan, sai an samu mai daidaita su da na'urar auna hayaƙi a salansa, yana kallon lamba mota na tafiya. Wannan mutumin ya fi kayan wuyar samu. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka fara sanin wa zai yi maka wannan.

Sauran abubuwan zan bi su da sauri, ba don ba su da muhimmanci ba. Dole a sa bawul ɗin da ke buɗe wa iska hanyar komawa in ka ɗaga ƙafa, in ba haka ba kwamfaresa na turawa ƙofa na rufe. A Marsandi kwamfutar motar ce ke sarrafa wannan, wasu M62 ɗin ma suna da kulocin lantarki a jikin puli irin na kwamfaresar sanyi, kuma abin da ke sarrafa duk wannan ba ya biyo ta in an ciro. Ka duba ɓangaren da take juyawa ya dace da na injinka. Bel ɗin Starlet siriri ne, an yi shi don ƙananan kaya, ita kuwa kwamfaresa a rabin bar tana cin doki wajen goma in inji ya kai ƙarshen gudunsa, sai an yi sabon puli mai faɗi, kuma in ya kauce layi ko da kaɗan ne zai riƙa cin bel. Radiyatar da ke fama da kanta a watan Mayu ba za ta ɗauki ƙarin zafi ba sai an sa mai kauri. Kuloci zai fara zamewa. Birkin baya na ganga ne, na gaba ƙanana, an auna su da doki 75.

Ƙura kuma ta cancanci a tsaya a kanta kaɗan. Ƙarafan nan suna da wani shafi a jikinsu da ke rage tsagar da na faɗa maka. Ƙurar hunturu, wadda ke shiga har cikin kwanon abinci a rufe, in ta wuce filta tana cin wannan shafi kamar sanfefa. Yaranmu kuma abu na farko da suke yi shi ne cire akwatin filta na kamfani su sa buɗaɗɗe mai kama da mazurari don ya yi ƙara. Wannan yana shan iska mai zafi daga jikin inji, yana kuma barin ƙura. Ka bar akwatin kamfani, ka jawo masa iska daga gaban mota.

In ka koma wajen mai kayan, ko da kallo ne, ka ɗauki kwamfaresar ka juya pulin da hannu. Ya kamata ta juya sumul ba tare da gurnani ba. Ka kaɗa pulin gaba da baya: in yana tafiya kaɗan kafin ƙarafan su motsa, yana ƙwas-ƙwas, abin haɗin da ke cikin hancinta ya ci. Ka haska tocila ciki ka dubi bangon kwanson, in ka ga zane-zane masu zurfi, ta taɓa haɗiye wani abu ko beyarin ya saki. Tana da nata man dabam a cikin hancin, ba ya haɗuwa da na inji, kuma yawancin waɗanda ke isowa nan ba wanda ya taɓa buɗe wurin tun da aka ƙera su.

To ƙarfi nawa za ka samu in an yi komai daidai? Doki 75 sau ɗaya da rabi ya ba ka wajen 112. Cire goman da kwamfaresa ke ci, cire abin da za ka rasa wajen ja da wuta baya saboda zafi da mai, za ka tsaya tsakanin 95 da 100. Wannan shi ne gaskiyar abin da injinka zai ɗauka ya kuma rayu, da ƙarama ko da babba. Kada agogon matsi ya ruɗe ka in ka ga allura ta hau. Zafi kaɗai yana ɗaga ta, don iska mai zafi kumbura take yi. Allurar tana nuna yadda iska ta cunkushe a bakin ƙofa ne, ba yawan wadda ta shiga ba.

Ka riƙe lambar nan ta 95 zuwa 100, ka ji shawarar da zan ba ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Toyota ta yi wani inji a gida ɗaya da naka, 5E-FE, mai cc 1497, wanda ke cikin Tercel da Paseo. Wanda aka sayar a Turai cikin Paseo doki 90 yake bayarwa, kuma ya fi naka ja daga ƙasa, wanda shi ne abin da kake ji a ƙafa in mota ta cika da mutane. Yana zama a mazaunin injinka ba tare da wahala mai yawa ba, yana shan man da ka samu, kuma duk makanikin da ke tsakanin nan da Damagaram ya san cikinsa. Kusan abin da kwamfaresa za ta ba ka ke nan, ba tare da walda ko kwamfuta ta musamman ba. In kuwa zuciyarka gudu take so sosai, ka sa masu kawo kaya daga Kano ko Kwatano su nemo maka 4E-FTE cikakke, da wayoyinsa da kwamfutarsa da abin sanyaya iskarsa, kada a bar ko soket ɗaya a baya. Aikin da injiniyoyin kamfani suka riga suka gama ne, kai dai ka kula da mai da radiyata. In an canza inji kuma ka je a gyara takardun mota su dace, saboda inshora da masu duba hanya.

In duk da haka kwamfaresar kake so, don na san akwai daɗin da mutum ke ji in ya gina abu da hannunsa, kuma ba na raina wannan, to ƙaramar za ka ɗauka. Ka tsaya ƙasa da rabin bar, ka sa abin sanyaya iska a gaban radiyata inda iskar hanya ke bugunsa, ka sa buji mai jure zafi mataki ɗaya sama da naka, a gama maganar mai da kwamfuta kafin a ɗaura bel, kuma gwajin ƙarshe a yi shi da rana tsaka a wata mai zafi, mota ɗauke da mutane. Man kwalba kuwa kun rabu.

Kafin duk wannan, motar da aka ƙera a 1997 sai an tambayi lafiyarta. Ka kawo ta da safe inji ya ɗan yi ɗumi, mu kwance buji huɗun mu auna matsin kowane silinda. In akwai wanda ya faɗi ƙasa da bar 10, ko bambancin da ke tsakaninsu ya wuce bar 1, to kuɗin kwamfaresar nan na segiman ne da gyaran kulas. Sau da yawa ma motar da mai ita ke kukan ba ta da ƙarfi, in aka yi mata wannan, aka wanke injekta, aka sa filta da buji na asali, sai ya ga dawakin da yake nema a kasuwa nasa ne da suka ɓace a hankali. Ka zo da bujin da ke jikinta yanzu, kada ka canza su kafin ka zo, ina so in ga kalarsu.